Filin Tanis Na Tsohuwar GRA: Jawabin Kwamitin Aikin Gayya

Wannan shi ne jawabin da kwamitinmu na aikin gayya ya karanta a gaban babban taron ƙungiya. Mun buga shi yadda yake, saboda 'yan uwa da ba su sami halarta ba.



Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawa, Allah gafarta malamai, iyayenmu mata da ke can gefe, 'yan uwa 'yan kasuwa da ma'aikata, da ƙannenmu matasa, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma godiya da aka ba mu wannan dama. Shugaba ya ce kada mu cinye lokacin sauran masu magana. To, za mu yi ƙoƙari, amma in mun ɗan gota a yi mana afuwa, domin zancen yana da ɗan tsawo.

Ranar da aka fara kawo maganar filin tanis a zauren wannan ƙungiya, dariya aka yi. Ba mu ji haushi ba, don mu ma da farko mun yi dariyar. Amma akwai wani dattijo daga cikin iyayenmu na Gwange da bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ce shi har yanzu bai gama tayar da bangon gidansa da ruwan Alau ya kayar ba, akwai marayu da zawarawa a unguwarsu da ke raɓe a gidajen mutane, sa'an nan a zo ana yi masa zancen wasan Turawa da masu kuɗi? Baba yana nan zaune a cikinmu yau, kuma mun yi masa alkawarin za mu ba shi amsa a bainar jama'a. Yawancin abin da za mu faɗa amsar tambayarsa ce.

Baba yana da gaskiya a abu guda: ba don mu aka yi filin nan ba. Kowa ya san garin nan ba tsoho ba ne in aka kwatanta shi da Kano ko Katsina. A 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya sauka a Yarwa, Turawa kuma suka kafa barikinsu a kusa. Kakanninmu sun biyo baya, wasu da fatauci, wasu almajirai masu zuwa gabas neman karatun Alƙur'ani, wasu kuwa maniyyata ne da suka ɗauki hanyar Makka a ƙasa ta Fort Lamy da Sudan, guzuri ya ƙare musu a nan, suka zauna. Sunan unguwar Hausari kaɗai ya isa shaida. Su Turawa kuwa suka keɓe wa kansu unguwa, wadda daga baya aka riƙa kira GRA. Tsarin da Lugga ya kafa, wanda aka sa a dokar garuruwa ta 1917, ya ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Bature da ta baƙar fata, wai don kada sauro ya ɗebo zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. Ba a gaya wa sauron dokar ba, amma mutane an gaya musu.

To, wa ke tsallake yadi 440 ɗin nan kowace safiya? Kuku, da boyi, da mai wanki da guga, da mai ban ruwa a lambu, da mai kula da doki, da mai gadi. Da yawa daga cikinsu iyayenmu ne da kakanninmu. A zamanin nan ba da siminti ake yin filin tanis ba, daɓe ake yi, irin wanda iyayenmu mata suka sani. A wurare da dama na Afirka ƙasar suri ake farfasawa a shimfiɗa, a jiƙa, a bubbuga har ta yi tauri, sa'an nan a ja layi da farar ƙasa. Irin wannan fili kullum sai an share shi, an yayyafa masa ruwa, an murje shi, in ba haka ba kafin mako ya zagayo ya koma turɓaya. Razdan bai taɓa ɗaukar tsintsiya ba, Di'o bai taɓa ɗaukar tulu ba. Su dai su zo da la'asar sakaliya cikin farin wando su buga, su koma.

Akwai wani tsoho a cikinmu da muke kira Kawu, wanda yana yaro ƙarami, gab da samun mulkin kai, shi ne mai tsintar ƙwallo a wannan fili. Mahaifinsa kuku ne. Kawu ya gaya mana cewa ba a yarda su taɓa raket ba, sai suka sassaƙa nasu da katakon akwati, in Turawa sun watse su shiga su yi ta bugu har duhu ya hana su ganin ƙwallo. Ya ce daga shi har abokansa babu wanda aka koya wa komai, da ido suka ɗauka. Har lissafin wasan, wanda kowane ɗan kasuwa a nan zai ce na mahaukata ne, wato daga 15 a tafi 30, daga 30 kuma maimakon 45 sai a ce 40, a kunne suka haddace shi tun ba su san ma'anar kalmomin ba.

Bayan 1960 filin ya dawo hannun gwamnati, aka buɗe shi ga kowa. Jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1964, a 1967 Maiduguri ta zama babban birnin Jihar Arewa Maso Gabas, a 1975 aka kafa jami'a, sai gari ya cika da ma'aikata daga ko'ina. A wannan zamani ne aka zuba wa filin siminti, aka kewaye shi da waya. Waɗanda suka san lokacin sun ce da yamma za ka tarar da likita da akawu da malamin makaranta, Babarbare da Bahaushe da Babur da Margi da Bayarabe da Ibo, har da Indiyawa masu koyarwa a sakandare, kowa na jiran a zo kansa. Wasu daga cikinmu a nan muka fara riƙe raket, aron na wani.

Abin da ya kashe filin ba sai mun daɗe a kai ba, don duk mun gani da idonmu. Daga watan Yulin 2009 yamma ta daina zama tamu. Ga dokar hana fita, ga shingaye a kan kowace hanya, a 2011 kuma aka hana hawa babur, yaron Hausari ko na Bulabulin ba shi da hanyar zuwa GRA cikin sauƙi, kuma ko da akwai, babu uwar da za ta bar ɗanta ya kai magariba a waje. Aka bar wurin ga awaki. Sai dogon yaro ya yi nasa aikin. Wannan itace, da aka fara dasawa a lardin Barno a 1928, shi ne ya rufa wa garin nan asiri daga rana, kuma ba mu da abin cewa a kansa sai alheri, amma saiwarsa ba ta san siminti ba. Ta bi ta ƙarƙashi ta ɗaga shi, ta tsattsaga. Wayar shinge ta yi ƙafa, ƙarafan raga ma wani ya ga sun fi dacewa da 'yan gwangwan. Daga ƙarshe, a ranar 10 ga watan Satumba na 2024, madatsar Alau ta ɓalle. Ruwan da ya shiga fadar Mai Martaba Shehu, da Kasuwar Monday, da asibitin koyarwa, da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya shiga wani ɓangare na GRA, kuma da ya janye ya bar wa filin laka da shara, har ba ka iya gane akwai siminti a ƙasa.

Ba mu zauna mun tsara za mu gyara filin tanis ba. Matasanmu ne, waɗanda wannan ƙungiya ta tura kwashe laka daga gidajen jama'a bayan ruwa, suka gama wani gida a GRA da sauran rana. Kawu yana tare da su, yana kai musu ruwan sha. Sai ya ce, "'Ya'yana, ku zo ku ara mini shebur ɗinku na rabin sa'a." Ya kai su wani kango, ya nuna wani wuri da sandarsa ya ce su tona nan. Da suka kwashe lakar, sai ga farin layi. Daga nan ne.

Aikin kuwa ya koya mana hankali. Da farko mun ɗauka sharewa ce kawai. Mun kwashe laka da shebur da baro da kwanon sarki, mun sare ciyawa, mun wanke. Sai muka zo kan tsagogi. Muka kwaɓa siminti muka cusa da tsakar rana, cikin zafin bazara, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, muka tafi gida muna murna. Ba a yi mako biyu ba duk ya sake buɗewa. Sai da wani birkila daga cikin 'yan uwa ya zo ya yi mana faɗa, ya ce tukuna a haƙa rami tsakanin itatuwa da fili a datse saiwar da ke shigowa, ba tare da an kashe itacen ba, sa'an nan a faɗaɗa tsagar, a wanke ta, a jiƙa ta, a cika da sanyin safiya, a rufe da buhu mai laima, a yi ta ban ruwa har kwana bakwai. Shi ne kuma ya nuna mana cewa an yi filin da ɗan gangare zuwa gefe guda, wanda ido ba ya gani, don ruwan sama ya wuce, mu kuwa mun je mun toshe magudanar da lakar da muka kwashe.

Layi ma ya ba mu kunya. Tsawon filin tanis ƙafa 78 ne, faɗinsa ƙafa 27 in mutum biyu ke wasa, ƙafa 36 in huɗu ne. Tsayin raga a tsakiya ƙafa 3, a jikin ƙarfe ƙafa 3 da rabi. Wani ɗalibinmu ya kawo awon da mita daga wayarsa, wato mita 23.77 da mita 10.97, mai riƙe da tef kuma yana karanta ɓangaren ƙafa, aka ja layin da ko ɗan langa ba zai yarda da shi ba. Kawu ne ya tako da ƙafarsa daga wannan kusurwa zuwa waccan ya ce mun yi kuskure, aka sake aunawa, aka tarar ya fi tef ɗin gaskiya.

Abin da ya fi daɗaɗa mana rai shi ne ragar. Da muka ji kuɗin sabuwa sai jikinmu ya yi sanyi. Sai ɗaya daga cikin 'yan uwanmu masu sana'ar kifi a Tashar Baga ya ce wannan ai koma ce da ba ta shiga ruwa. Ya kai wa masu saƙar koma tsohuwar da muka tsinto, suka ɗinke ta da igiya mai kauri, wani tela a Hausari ya ɗinka mata farin baki da tamfol, mai walda ya yi mana ƙarafa. Babu ɗayansu da ya karɓi ko kwabo. Yanzu fili ɗaya daga cikin biyun yana aiki, kuma duk yamma akwai yara a kai.

Yanzu ga dalilin da ya sa muke gaggawa. Kowa ya san yadda fili ya yi tsada a GRA tun da garin nan ya cika da 'yan gudun hijira da ƙungiyoyin agaji. Gidajen da, masu makeken fili da lambu, an yayyanka su, an yi gidajen haya da ofisoshi da shaguna. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙasar da ke cikin birni tana hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana. Ba mu zargin kowa da komai, kuma babu wanda ya ce mana zai karɓe filin. Amma tun muna cikin shara sau biyu muna ganin baƙin fuska suna zagaya wurin, suna auna shi da ido, suna tambayar mai gadin maƙwabta ko na wane ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wurin da aka bar wa awaki, duk wanda ya rubuta takarda ya ce kango ne bai yi ƙarya ba. Wurin da yara ke wasa kullum kuwa, mai rubuta takardar sai ya yi tunani sau biyu, kuma jami'in da zai sa hannu yana da hujjar cewa a'a. Ba mu da satifiket, ba ma neman satifiket. Abin da muke da shi yaran nan ne da ƙarar ƙwallo.

Kada a ɗauka irin wannan a ƙasarmu kaɗai ke faruwa. Dattawa za su tuna Arthur Ashe, baƙar fatar Amurka da ya ci gasar Amurka a 1968, ya ci ta Wimbledon a Ingila a 1975. Shi ne wanda sojoji suka fitar daga fili da bakin bindiga a Legas ranar 16 ga watan Fabrairu na 1976, ana tsakiyar wasa, kwana uku bayan kashe Janar Murtala Muhammed, Allah ya jiƙansa. Wannan mutum a filin jama'a ya koyi wasa, a wani dandali da aka keɓe wa baƙar fata a birnin Richmond, mai suna Brook Field, inda mahaifinsa ke aikin kula da wurin. Yau in ka je babu dandalin. An rushe shi, an gina gidan waya a kai. Filin da ya fitar da zakaran duniya ke nan, balle namu.

A gida kuma akwai Nduka Odizor, wanda ya fara da tsintar ƙwallo a Legas kamar yadda Kawu ya fara a nan, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. A wasannin Olamfik na Seoul a 1988, shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi ne suka buga wa Nijeriya tanis. A Kano ma gasar Dala da ake yi a Kano Club ta daɗe tana tara 'yan wasa daga duk faɗin ƙasa. Ba muna cewa za mu fitar da Odizor daga GRA ba, kada wani uba ya je ya cire ɗansa daga makaranta. Abin da muka gani da idonmu ya fi wannan ƙanƙanta. Akwai yaran da aka haifa bayan 2009, waɗanda ba su taɓa sanin garin nan yana da yamma ba. Akwai waɗanda da muna wucewa muna ganinsu a gindin itace, mun kuma san abin da ake sha a gindin itacen. Wasunsu yanzu su ne ke riga mu zuwa da tsintsiya, don ka'idarmu ita ce wanda bai yi shara ba, ba ya taɓa raket, ko ɗan wane ne.

Akwai wata magana da ta kusa raba kwamitinmu, kuma gara ku ji ta daga bakinmu. Da aiki ya fara kyau, wasu 'yan uwa suka ce a kafa allo a bakin ƙofa a rubuta sunan ƙungiyarmu da manyan baƙaƙe, tun da guminmu ne. Mun yi zama uku a kan wannan, har an ɗaga murya. Waɗanda suka kawo shawarar ba su da mugun nufi. Sun ce an daɗe ana cewa Afuno ba ya gina komai sai shago, ya tara ya aika gida, to ga abin da za a nuna. Amma yawancinmu muka ga ranar da aka kafa allon nan, ranar filin zai tashi daga na jama'a ya koma na Hausawa, kuma daga ranar duk wanda ke son wurin ya sami abin faɗa: baƙi sun zo sun mamaye filin gwamnati. Mu da masu masaukinmu Barebari zamanmu ya girmi garin nan. Sarautun Galadima da Ciroma da Yarima da ake taƙama da su a ƙasar Hausa daga Barno aka aro su, kuma da yawanmu a nan iyayenmu mata ko matanmu Barebari ne. Ana cewa baƙo raɓa ne, to mu wasunmu kakanninsu a maƙabartar Gwange suke kwance, ba raɓa ba ne mu. Amma wanda ya san shi ɗan gari ne ba sai ya rubuta sunansa a jikin masallacin unguwa don ya share shi ba. Saboda haka babu allo. Kafin mu ci gaba da aiki sai da muka je muka gai da Bulama da Lawan, muka kuma rubuta wa hukumar da abin ya shafa muka sanar da ita abin da muke yi. A yau cikin masu zuwa aikin akwai Barebari da Shuwa da Babur da Margi da Ibo, kuma wanda ke koya wa yara wasan wani tsohon malamin makaranta ne, Kirista, daga kudancin jihar nan, ba ya karɓar komai. Mun roƙe su su shigo kwamitin, kuma muna son wannan taro ya amince da haka.

To, Baba, ga amsarka. Ba mu taɓa kwabo ɗaya daga gidauniyar waɗanda ambaliya ta shafa ba, ba mu taɓa asusun marayu ba, ma'aji yana nan da littafinsa ga duk mai son dubawa, kuma ba mu zo yau don mu nemi a taɓa su ba. In aka ce a zaɓa tsakanin bangon gidanka da filin tanis, bangonka za mu zaɓa. Matasan nan da birkilan nan sun ce a gaya maka ranar Asabar ta sama a gidanka za su yi gayya, filin ya jira.

Abin da ya gagare mu shi ne gadi. Shara da fenti gayya na iya yi, amma gayya ba ta kwana a fili, kuma ragar da masunta suka ɗinka ba za ta kai sallah ba in babu mai tsaro. Yanzu kullum da magariba kwance ta muke yi, wani ya tafi da ita gida a Keke Napep. Muna roƙon 'yan uwa 'yan kasuwa, wanda Allah ya hore wa, su ɗauki nauyin albashin mai gadi, wata ɗaya ɗaya, daga aljihunsu ba daga asusun ƙungiya ba. Tsofaffin ma'aikata kuma, mun san akwai raket a saman sif da ƙarƙashin gado a gidaje da yawa, ko igiyarsa ta tsinke a kawo, za mu gyara. Ƙwallon da ya yi laushi ma kada a yar, shi ya fi dacewa da hannun yara.

Iyayenmu mata, ku ma akwai taku. 'Yan mata suna zuwa su tsaya a bayan waya suna kallo. Mun keɓe musu safiyar Lahadi, su kaɗai, cikin suturarsu, amma ba za mu fara ba sai mun sami mata biyu ko uku manya da za su riƙa zama da su daga farko har ƙarshe. Duk wadda za ta iya ta gaya wa shugabar mata kafin a tashi.

Fili na biyu yana nan yadda ruwa ya bar shi, kuma muna son a gama datse saiwa a cike tsagoginsa kafin damina ta sauka. Asabar mai zuwa muna Gwange a gidan Baba. Wadda ke biye da ita kuma muna GRA bayan sallar asuba, mu tashi kafin rana ta yi zafi. Mai shebur ya zo da shebur, mai diga ya zo da diga, baro biyu gare mu kuma ɗaya tayarsa ta fashe. Akwai koko da ƙosai daga wajen iyayenmu mata na Hausari. Sakatare yana bakin ƙofa da takarda ga masu son rubuta sunansu.